Kofuna Shida Masu Ƙafa

A watana na takwas a New York aka aike ni sayen kofunan giya. Zan faɗi yadda abin ya kasance bi da bi, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma na san abin da ya zo farko da abin da ya biyo shi.

Zangona na farko Flatbush ne. Matar da ta yi min hanyar zuwa daga Kano tana da shagon kitso a can, ta ce zan riƙa samun rabona a kan kowane kai. Wata biyu ina tsaye daga safe har magariba, yatsuna suka kumbura, rabo bai fito ba. Kullum sai ta ce tukuna, ai tana ciyar da ni. Ranar da na ɗaga murya, ta aike ni sayo gashin kanti, na dawo na tarar da jakata a bakin ƙofa.

Zango na biyu Concourse Village ne, a Bronx, gidan Yaya Memuna. Mutuniyar Zangon Kumasi ce. A masallaci ta gan ni bayan Juma'a, kowa ya watse ina zaune da jaka, ba ta tambaye ni komai ba ta ce in taso. Ta ba ni doguwar kujerar falonta. Ita ta kai ni inda ake koyar da aikin kula da tsofaffi, ita ta nuna min yadda ake ɗaga mutum daga gado ba tare da an ji wa baya ciwo ba. Wata biyar ina kwana a kujerar nan, sai mijinta ya samu biza, aka ce zai iso ƙarshen wata. Ba ta ce in tashi ba. Ni dai na san falon da namiji zai riƙa wucewa ba wurin kwanana ba ne. Akwai ɗaki a hawa na huɗu da wata 'yar Nijar ke son ba da haya, amma ta ce sai mai tsayayyen aiki.

Tsayayyen aikin yana zango na uku, Port Richmond, can Staten Island. Da na idar da asuba sai jirgin ƙasa, daga shi jirgin ruwa, daga shi bas. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Mai gidan tsoho ne, Mista Bernard, ya haura tamanin, ya yi aikin koyarwa har ya gaji. Matarsa ta rasu. Yana da ciwon da ke sa hannu karkarwa, cokali ma sai ya yi kokawa da shi. 'Yarsa Diana ce ta ɗauke ni, ta ce gwajin wata ɗaya ne. Ta kuma faɗa min, ba tare da na tambaya ba, cewa mata biyu ta sallama kafin ni.

Na tsara gidan yadda na iya. Takwas wanka, tara karin kumallo da magani, sha ɗaya tattaki zuwa ƙarshen layi da dawowa. Idan ya ce yau ba zai yi tattaki ba, sai in ɗauko takalminsa in ajiye a gabansa in tsaya. Sati ɗaya da zuwana ya sa min suna Saje, wai kamar sajan soja nake. "Saje, a yi min afuwar minti biyar," in ce babu. Ban san ko yana jin daɗina ko haƙuri yake da ni ba. Diana kuwa ba a karanta fuskarta. Idan ta zo sai ta buɗe firij, ta duba kwalaben magani, ta shafa saman tebur da yatsa, ta tafi.

Ranar Alhamis ta sati na huɗu ta tsayar da ni a kicin. Ta ce ranar Lahadi ce zagayowar haihuwar babanta, mutum shida za su ci abincin rana. Ta buɗe kabad ta nuna min kofuna biyu da suka rage, ɗaya ma bakinsa ya ɓare. Ta ce, "Ki sayo kofunan giyar inabi guda shida. Masu araha, don fashewa za su yi. Waɗanda za su yi wa ja su yi wa fara. Ba na son na ƙarya." Ta ajiye kuɗi a kan tebur. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Bayan Lahadi sai mu yi maganar aikinki."

Na ce to. Kowace kalma na gane ta, amma ban san abin da aka aike ni ba. A gidanmu, idan hanya ta bi da mahaifinmu ta gaban gidan giya a Sabon Gari, tsallaka titi yake yi. Ban san giya tana da ja da fara ba, balle in san kowace da kofinta.

A jirgin ruwa na yanke wa kaina hukunci uku. Na ɗaya, zan saya, domin gilashi gilashi ne. Na biyu, zan wanke in jera, domin wanke-wanke aikina ne. Na uku, ba zan taɓa kwalbar ba, ba zan zuba wa kowa ba. Da na isa gida na karanta wa Yaya Memuna su ukun tana yanka albasa.

"Kai Rakiya, ke komai sai kin sa masa lamba," in ji ta. "Kofi ne fa. An ce ki sha ne?"

"Yaya, ni kamanninsa ma ban sani ba."

"Mai ƙafa ne. Shekara goma sha ɗaya ina wanke su a gidajen mutane."

"To wane iri zan saya?"

Ta tsaya da wuƙar a hannu. "Wallahi ban sani ba. Ni wankewa nake, ba a taɓa aikena saye ba. Ki tambayi liman gobe."

"In ce masa me?"

"Ki ce, Allah gafarta malam, wane kofi ya fi dacewa da ja?" Ta kwashe da dariya har tana share hawaye da bayan hannu, ta ce albasa ce.

Ranar Juma'a da yamma na shiga wani kantin kayan araha kusa da tashar jirginmu. Na zaɓa yadda uwata ta koya min zaɓen kayan ɗaki. Na ɗaga na ji nauyi, na ƙwanƙwasa da farce, na duba kauri. Na samu wasu masu gajeren ƙafa, masu faɗin baki, da zanen furanni a jiki, kauri kamar a jefi ɓarawo da su. Na ce wa kaina ko Mista Bernard ya yar da wannan, ƙasa ce za ta ji ciwo. Na tambayi mai kantin ko na giyar inabi ne. Bai ko ɗago daga wayarsa ba ya ce, "E, e, su ne, masu kyau ne."

Yaya Memuna ta buɗe ledar ta ɗaga ɗaya. Ta dube shi, ta dube ni, ta zame ta zauna a ƙasa. "Rakiya, wannan na ayis kirim ne. Yara ake ba wa a ciki."

Asabar da safe na mayar. Mutumin ya nuna min wata takarda a bango da ke cewa ba a mayar da kaya, ya ce shi bai ma tuna fuskata ba. Na ce jiya-jiya ka ce min su ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wa na bayana ya matso. Na fito da ledar a hannu na tsaya a bakin titi. Kuɗin mutane ya tafi, sai dai in cike da nawa, kuma har yanzu ban san abin da nake nema ba. Motoci na wucewa, kowa ya san inda za shi. Na tuna 'yata Hafsat da na bari wurin ƙanwata, na tuna yadda take cewa Umma ta san komai.

Daga nan na hau bas zuwa wani babban kantin kayan gida. Na tambaya aka nuna min hawa na biyu. Bango guda ne daga nan zuwa can, duk kofuna masu ƙafa. Akwai dogaye sirara kamar sandar rake. Akwai masu ƙaton ciki da za su ɗauki miyar mutum biyu. Akwai masu launin shuɗi, akwai masu bakin zinare, akwai waɗanda ba su da ƙafa sam amma an jera su tare da sauran. Na ɗauki ɗaya na juya na ga farashinsa, na mayar da shi da hannu biyu ina riƙe numfashi. Na fi rabin awa a wurin. Mutane na zuwa su ɗauka su tafi kamar masu sayen burodi, wasu su dubi hijabina su dubi bangon su kau da kai.

Wata ma'aikaciyar kantin ce ta zo, baƙar fata, mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta ce, "Mama, kin daɗe a nan. Na wa za a saya?"

Na gaya mata duka da Turancina mai ɗingishi, har da tsohon da hannunsa, har da kofunan ayis kirim. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma ba ta sha, cocinsu ya hana, amma shekararta tara a wannan bangon. Na ciro ɗan littafin da nake rubuta lokutan magani, na ce ta faɗa a hankali.

Ta ce in manta da dogayen sirara, na giya mai kumfa ne kawai. In manta da masu ƙaton ciki, na masu iyayi ne, kuma ba sa shiga injin wanke kwanuka. Ta ɗauko wani matsakaici, cikinsa kamar ƙwai, bakinsa ya ɗan tsuke. Ta ce wannan shi ke yi wa ja ya yi wa fara, tsukewar bakin ita ke riƙe ƙamshi. Ta ce kada in ɗauki mai launi ko mai zane, masu sha suna son ganin abin da ke ciki. Ta sa na shafa bakin da yatsa, ta ce siririn baki ake so, kauri a nan ba daraja ba ne. Wannan ya yi min wuyar haɗiya, amma na rubuta. Saboda hannun tsohon ta zaɓo mai ƙafar da ba ta cika tsawo ba, mai faɗin gindi. Sannan ta durƙusa ta jawo kwali daga can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, ta ce na cikin kwali shida-shida sun fi araha, kuma irinsu ba ya yankewa a kantin, idan ɗaya ya fashe a samu ɗan'uwansa.

"Ta ƙafa ake riƙewa," in ji ta, ta gyara min yatsu a kai. "Akwai sauran tambaya?"

Na duba littafina na ce babu. Ban tambaye ta yadda ake zubawa ba, tunda na riga na yanke cewa ba zan zuba ba.

Lahadi da safe na ga matsalar kwalin. A kowane gefe an buga hoton kofi da jar giya a ciki. Na naɗe shi da tsohon zanina na ƙulle kamar ƙunshin kayan wanki, na rungume. A jirgin ruwa sai ga Malam Isufu, mutumin Maraɗi da ke sayar da huluna da tabarau a bakin tasha, muna sallah masallaci ɗaya.

"Hajiya, ina kwana. Yau Lahadi ma ba hutu? Kawo in riƙa miki."

"A'a, Malam, ba nauyi."

Jirgin ya ɗan yi tangaɗi, kofunan suka yi ƙara a ciki, iska kuma ta ɗage gefen zanin. Ya gani. Na ji kamar in faɗa ruwan. Ya kau da kai, ya sa hannu ya ja zanin ya rufe min wurin.

"Hajiya," in ji shi, "akwai hular da nake sayarwa, ita ta fi tafiya. Ranar da ɗana ya fassara min abin da aka rubuta a goshinta, kwana biyu ban ci abinci ba. Allah dai ya ga zuciyarmu."

Na ce amin. Jirgi ya tsaya muka sauka.

Na wanke kofunan da ruwan ɗumi, na goge su ɗaya bayan ɗaya da farin ƙyalle har ba sawun yatsa. Diana ta shimfiɗa wani farin mayafin tebur mai aikin hannu a gefe, ta ce na mahaifiyarta ne, sau ɗaya ake fito da shi a shekara. Na jera kofunan. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga wajen taga, ta juya shi, ta ce, "Daidai. Ainihin abin da nake so." Wannan ce kalmar yabo ta farko da na ji daga bakinta. Na koma kicin na ce alhamdulillahi, har na fara tunanin labulen da zan sa a ɗakin hawa na huɗu.

Mista Bernard ya fito da farar riga da na goge masa. A wurin zamansa Diana ta ajiye kofinsa na kullum, na roba mai murfi da tsinken zuƙa, irin na yara. Ya dube shi ya ture shi gefe. Ya ce yau ranarsa ce, da na gilashi zai sha kamar kowa. Suka ɗan yi musu a gaban baƙi, ta haƙura ta sauya masa.

Baƙi sun zauna, wani ya buɗe kwalba, Diana ta karɓa za ta fara zubawa, sai ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuwwa daga kicin. Kazar da ake gasawa a cikin oba ce ta fara ƙonewa. Ni ce a tsaye kusa da ita da kwandon burodi. Ta karɓe kwandon ta danƙa min kwalbar a hannu ta ce, "Zuba wa Baba, shi ake jira," ta ruga.

Kwalbar na da sanyi. Mutum biyar suna kallona. Na nemi Turancin da zan ce ba na zubawa, ya ƙi zuwa. Na tuna mata biyun da aka sallama, na tuna mijin Yaya Memuna da zai sauka nan da kwana tara. Ba zan ce wani ya tilasta ni ba. Na matsa na zuba.

Kuma na zuba yadda na san ana zuba wa mai gida. A wurinmu ba a miƙa wa babba rabin kofi. Ko zoɓo ne ko kunun aya, sai ya cika har baki, rabi na wanda ake wa rowa ne. Tunda na riga na faɗa ciki, na ce aƙalla kada in wulaƙanta tsohon a gaban baƙinsa. Na cika shi taf, har yana rawa a baki.

Wata mata ta rufe baki da hannu. Wani ya ce, "Kai, Bernard, ashe ana ji da kai a gidan nan." A nan na gane na yi ɓarna, amma ban san wace iri ba.

Mista Bernard ya dubi kofin, ya dube ni. Wani ya miƙa hannu zai rage masa, ya ce kada a taɓa. Ya kama ƙafar kofin ya ɗaga. Hannun ya fara aikinsa. Ja ya zubo a yatsunsa, ya bi hannun riga, ya sauka a ƙirji, ya watsu a kan mayafin matarsa. Bai ajiye ba. Ya kai bakinsa ya sha abin da ya rage, ya dire kofin, yana haki.

"Shekara uku ke nan," in ji shi, "ba wanda ya cika min kofi."

Diana na tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Ba shi take kallo ba, mayafin take kallo. Na kawo tsumma, ta ce in bari. Na kai shi ɗaki na sauya masa riga, yana ta 'yar dariya shi kaɗai. Da na fito ta miƙo min jakata ta ce in tafi gida, za ta kira ni.

A banɗakin tashar jirgin ruwa na wanke hannu sau uku da sabulu, warin na nan a bakin hannun rigata. Na zauna a ƙasan jirgi inda ba kowa. Na karya hukuncina don in riƙe aiki, aikin kuma ga shi ya zube a tebur. Da na gaya wa Yaya Memuna na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, "Kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, Rakiya. Wannan kam na sani. Ba ki tambaye ni ba." Ta karɓi rigar ta jiƙa min da kanta.

Diana ba ta kira ba. Litinin na idar da asuba na zauna a bakin kujera da waya a hannu. Na ce ba a ce in zo ba, amma ba a ce kada in zo ba. Na sa takalmi. Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, bas. Takwas saura biyar na ƙwanƙwasa.

Ita ta buɗe, da kayan ofis a jikinta, idonta ya faɗa. Ta wuce kicin na bi ta. Mayafin na cikin roba a jiƙe, jan ya koma ruwan toka amma yana nan.

"Ba zai fita ba," in ji ta.

Na ce ta yi haƙuri, a garinmu cika kofi girmamawa ce, ban sani ba.

"Baba ma ya ce min dalilin ke nan. Jiya na ce masa zan nemo wata. Tun daga lokacin bai sha magani ba. Ya ce sai Saje ta zo ta ba shi." Ta murza goshinta. "Ban yafe maganar mayafin ba, kada in yi miki ƙarya. Amma za ki zauna. Zan rubuta miki takardar shaidar aiki da kika ce mai ɗakin haya na nema."

Ya kamata in yi shiru a nan. Amma akwai maganar da na kwana da ita, kuma na san idan ban faɗe ta yau ba, ba zan ƙara samun bakin faɗa ba. Na riƙe bakin tebur na ce, "Madam, abu ɗaya. Addinina ya hana ni zuba giya. Jiya tsoro ne ya sa. Zan sayi kofi, zan wanke, amma don Allah kada a ƙara ba ni kwalba."

Ta dube ni, na fara jin na mayar da kaina kujerar falon Yaya Memuna da bakina.

"Rakiya," in ji ta, "bayan abin da kika yi jiya, ko roƙona kika yi ba mai barin ki kusa da kwalba a gidan nan."

Ta ɗauki makullin motarta. Na rasa ko godiya zan yi ko haƙuri zan ƙara bayarwa, sai na yi duka biyun, na fara da godiyar.